Ɓarnar Da Komowar Jini Ke Yi Wa Hanta, Da Matsayin Bitamin E

A shekarar 1908 wani likitan fiɗa na birnin Gilasgo, mai suna James Hogarth Pringle, ya bayyana dabarar matse jijiyoyin da ke kai jini cikin hanta domin a tsayar da zubar jini lokacin aiki. Har gobe likitoci na amfani da ita, domin kuwa hanta na karɓar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa, watau kimanin lita ɗaya da rabi a kowane minti. Haka kuma a wajen dashen hanta, wanda Thomas Starzl ya fara yi a Amurka a 1963, tilas ne hantar ta yi awoyi ba jini.

Abin mamaki shi ne, babbar ɓarnar takan zo ne bayan an saki jijiyoyin. Yayin da jini ya tsaya, ƙwayoyin halittar hanta sukan galabaita don rashin iskar oksijin. Da zarar jini ya komo, sai wani sashe na iskar ya rikiɗe ya zama sinadarai masu guba. Fararen ƙwayoyin jini su ma sukan yi dafifi su ƙara zuba irin wannan guba. Su waɗannan sinadarai suna cin kitsen da ke bangon kowace ƙwaya, kamar yadda man gyaɗa kan lalace ya canza wari in ya daɗe a buɗe. Bango kuwa in ya huje, ƙwaya ta mutu ke nan.

Nan ne bitamin E ya shigo. Herbert Evans da Katharine Bishop suka gano shi a Kalifoniya a 1922. Mazauninsa cikin kitsen bangon ƙwayoyi yake, aikinsa kuwa tare gubar kafin ta yaɗu. A shekarun 1980 masana a Japan sun gwada shi a kan ɓeraye, suka ga cewa waɗanda aka ba su kafin a tsayar da jini hantarsu ba ta lalace ƙwarai ba.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. Gwajin da aka yi a kan majinyata ƙalilan ne, bai kuma kai a mai da bitamin E ƙa'idar fiɗa ba. Abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne taƙaita lokaci: a matse minti 15, a saki minti 5, sannan a sake.

Akwai kuma hatsarin da ya kamata mai karatu ya kiyaye. Ƙwayoyin bitamin E masu ƙarfi suna rage daskarewar jini, saboda haka wanda ya sha su da kansa kafin fiɗa yana iya jawo wa kansa zubar jinin da ake gudu. Babban mutum miligiram 15 yake bukata a rana, kuma gyaɗa da manta da man ja duk suna ɗauke da shi. Duk wanda aka sa wa ranar fiɗa, lalle ya sanar da likitansa kowane magani yake sha, har da na ƙarin lafiya.