Kabarin da ke ƙarƙashin ruwa a Pearl Harbor

A tsibirin Oahu na jihar Hawaii ta Amurka, akwai wani farin gini da ke kan teku, ba a isa wurinsa sai da kwale-kwalen sojan ruwa. A ƙarƙashinsa jirgin yaƙin USS Arizona yake kwance tun ranar 7 ga Disamba, 1941, lokacin da jiragen saman Japan suka kai hari tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor. Bam ya faɗa rumbun harsasan jirgin, ya fashe, mutum 1,177 daga cikin ma'aikatansa suka mutu. Gawarwakin fiye da 900 na cikinsa har yau, shi ya sa ake ɗaukar wurin a matsayin maƙabarta.

An buɗe ginin tunawar a 1962, Alfred Preis ne ya tsara shi. Ginin ya ratsa jirgin ta sama ba tare da ya taɓa shi ba. A can ƙarshensa akwai bangon marmara ɗauke da sunayen mamatan. Mai na ci gaba da tsiyayowa daga tankunan jirgin, baƙo kan ga ɗigonsa na tasowa saman ruwa. Wasu da suka tsira ma sun yi wasiyya a kai tokar gawarsu cikin jirgin, an kuma cika musu.

Kusa da ginin an ɗaure jirgin yaƙin USS Missouri, wanda a kansa Japan ta sa hannu kan miƙa wuya a ranar 2 ga Satumba, 1945. Shi kam gidan tarihi ne, ana hawa a zaga, kuma an fi sakin jiki a can.