Daga Yamai zuwa Maraɗi: jirgin sama ko mota?

Manoman Dogon Dutsi da na Tibiri sun saba ganin jirgin sama shina wucewa bisa gonakinsu. Da yawa suna tambaya: awa nawa shi ka yi daga wannan gari zuwa wancan? Ga bayani.

A Yamai akwai babban hilin jirgi mai sunan Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko. A Maraɗi ma akwai hili. Tsakaninsu, in an miƙe sak kamar tahiyar tsuntsu, wajen kilomita 540 ne. Hanyar mota kuwa ta kai wajen kilomita 660, don tana ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni da Madawa. Jirgi ba ya kewaye dutsi ko gulbi, shi ya sa hanyarshi ta hi gajarta.

Ƙaramin jirgi mai farfela shina cin wajen kilomita 500 cikin awa guda. Ke nan awa guda da ƴan mintoci sun ishe shi. Motar haya sai ta yi awa 9 ko 10. Mai tahiyar ƙasa da ka yin kilomita 30 a yini, sai ya kwana 18 ko da ya miƙe sak.

Amma mutumin Arewa shi yi lissahi tukuna. Ba daga Dogon Dutsi jirgin ka tashi ba. Dole shi koma baya zuwa Yamai, wajen kilomita 270, awa 4 cikin mota. Shi jira awa 2 a hili, a duba takardunshi, a auna kayanshi. In anka haɗa da tahiyar sama, awa 7 sun wuce. In ko hazo ya rufe gari lokacin ɗari, ana iya ɗage tashi har gobe. Alhali daga Dogon Dutsi zuwa Maraɗi wajen kilomita 390 ne, awa 6 cikin mota, kuma kuɗin ba su kai na jirgi ba. Wanda ya saida rago don shi shiga jirgin Maraɗi ya yi hasara biyu: ga kuɗi, ga lokaci.

Inda jirgi ka da babban amfani, sai tahiya mai nisa. Daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4000 ne. Kakanni sun bi ta Cadi da Sudan da ƙafa, wasu sunka yi shekaru kahin su dawo, wasu ba su dawo ba. Yau alhaji shina sauka cikin awa 6.

Don haka mai niyyar tahiya shi tambayi abu ukku: ranar tashin jirgi, kuɗin tikiti, da nisan hili daga gidanshi. Shi rubuta su, shi haɗa. Matambayi ba ya ɓata.