Kaza Mai Rigar Burodi: Yadda Ake Gasa Ta a Oben Ta Yi Ƙamas-ƙamas

Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban mai tsire ta ga yadda yake birkiɗa nama cikin garin ƙuli-ƙuli kafin ya kafa shi gefen wuta, to ta riga ta san rabin wannan girki. Abin da wasu al'ummomi ke yi ke nan da garin busasshen burodi: a yi wa nama riga, rigar ta sha wuta ta yi ƙamas-ƙamas, naman da ke ciki kuma ya tsira da laushinsa. A Ostiriya da Jamus ana ce masa shinitsel, a Japan kuwa katsu, kuma dukansu a mai ake soya su. Gashi a oben ya fi yaɗuwa a Amurka, musamman bayan 1965, lokacin da kamfanin General Foods ya fito da garin Shake 'n Bake, wanda ake zuba nama a leda tare da shi, a girgiza, a jera a faranti.

Akwai abin lura tun kafin a kunna wuta. Da yawa daga cikin girke-girken waɗancan ƙasashe da naman alade aka tsara su, wanda Musulmi ba ya ci, don haka uwargida takan ɗauki tsarin ta sa kaza a madadinsa. Babu laifi, amma kada ki ɗauko har da lissafin nunarsa. Hukumar noma ta Amurka ta ce yankan naman alade ya nuna idan cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi ya huta minti 3. Kaza kuwa sai ta kai 74, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Haka kuma idan kika ga an rubuta 400 a littafin girkin Amurka, ma'aunin Faranhait ake nufi, wato kusan 200 a namu.

A ganina wannan girki na kazar gidan gona ne. Kazar Hausa ta fi ta ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma namanta na da tauri, kafin ya yi laushi rigar ta ƙone. A bar ta da farfesunta.

Ki ɗauki tsokar ƙirji, ki sa ta cikin leda, ki bubbuga da muciya ko gindin kwalba har kaurinta ya daidaita, kamar santimita ɗaya da rabi. Dalili shi ne ƙirjin kaza gefe guda kauri gare shi, ɗaya gefen siriri. In aka gasa shi haka, sai siririn ya bushe kamar kilishi alhali mai kaurin bai nuna ba. Ki jiƙa ta cikin kindirmo da gishiri, tafarnuwa, citta da masoro, ko da na awa biyu ne, a cikin firji. Tsamin nonon na tausasa nama. Daga nan ki tsame, ki share ragowar nonon sosai.

Yanzu sai faranti uku: fulawa, kaɗaɗɗen ƙwai, garin burodi. Kowanne da aikinsa. Fulawa na tsotse damshin nama ta ba ƙwai wurin kamawa, ƙwai shi ne gam, garin burodi kuma shi ne rigar. Ki kakkaɓe fulawar da ta yi yawa, in ba haka ba rigar za ta saɓule wajen yanka. Hannu ɗaya na busassun kaya, ɗaya na ƙwai. Wadda ta haɗa su za ta ga yatsunta sun riga kazar sa riga.

Ga inda aka fi yin kuskure. Oben ba kasko ba ne. A kasko mai ne ke kewaye naman ta ko'ina, a oben kuwa iska ce mai zafi, ita kuma ba ta kai mai saurin isar da zafi ba. Launin ja-ja da ƙamshin da muke so suna zuwa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin, abin da masanin Faransa Luwi Kamil Mayar ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140. Muddin rigar na jiƙe, zafinta ba zai wuce 100 ba, sai ta fito fari fat kamar wadda aka turara. Maganin abu uku ne. Ki zuba mai cokali biyu a kofi ɗaya na garin burodin, ki ɗan soya shi a kasko har ya fara ja, ya huce, sannan ki yi amfani da shi. Ki ɗora naman a kan ragar ƙarfe bisa farantin gashi, don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Sannan ki bar tazara tsakanin yanka da yanka, domin in suka cushe, tururin wannan ne zai jiƙa wancan.

Ki kunna oben minti 15 kafin ki sa komai, a digiri 200 zuwa 220. Oben ɗin kukar gas daga ƙasa wutarsa take, yakan ƙona gindin abu sama bai yi ba, saboda haka ki sa ragar a tsakiya, ki juya farantin idan an yi rabin lokaci.

Abin haɗawa kuma da lissafi ake sa shi, mai daɗewa shi ke fara shiga. Dankalin turawa da aka yanka manya-manya, aka shafe da mai da gishiri, yana cin minti 35 zuwa 40. Dankalin Hausa da karas sun ɗan fi shi sauri. Bayan dankali ya yi minti 20 sai ƙirjin kaza ya shiga, don shi minti 15 zuwa 20 ya ishe shi. Cinya mai ƙashi kuwa tare da dankali za su shiga. Tattasai, albasa da koren wake ruwa gare su, ki ba su farantinsu daban a minti 12 na ƙarshe. Kwaɗon kabeji ki yanka shi da wuƙa da katakon da ɗanyar kaza ba ta taɓa ba.

Idan kina da ma'aunin zafin nama, ki soka shi a inda ya fi kauri, ba kusa da ƙashi ba. In babu, ki tsaga yanki mafi girma: ruwan da zai fito ya zama garai, tsokar kuma fara har ciki. Ki bar ta a kan ragar minti 5 kafin a yanka. Kuma don Allah kada a zuba ta a kula a rufe ana jiran maigida. Tururin da ke ciki zai jiƙa rigar cikin minti kaɗan. In dole sai an jira, ki kashe oben, ki ɗan buɗe ƙofarsa, ki bar ta a ciki a kan ragarta.