Wudil: Darasin tallan intanet daga aji zuwa kasuwar Juma'a

Duk ranar Juma'a, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, manyan motoci kan jeru a Wudil suna jiran lodin shanu zuwa kudancin ƙasar nan. Wanda ya shiga kara ya lura zai ga wani abu da babu shi a da: dillali riƙe da waya yana ɗaukar bidiyon bijimi, ya tura wa mai saye a Legas ta WhatsApp, a daidaita farashi, kuɗi ya shigo ta taransifa. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya ƙara tura 'yan kasuwa wannan hanya.

A garin kuma akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda aka buɗe a 2001 a matsayin jami'ar Jihar Kano, aka sauya mata suna a 2022. Kowace shekara tana yaye ɗalibai, kuma mun san yadda yayyenmu da dama suka gama hidimar ƙasa suka dawo gida suna yawo da takardu a jaka. Tambayarmu a wannan makon ita ce: me zai hana ɗalibi ya koyi sana'ar da 'yan kasuwar garin ke buƙata tun yana makaranta?

Mene ne tallan intanet?

Da yawanmu mun ɗauka ɗora hoton kaya a sitatus shi ke nan. Wannan ƙofar shiga ce kawai. Mai sana'ar yana fara aiki ne da sanin wa zai sayi kayan, ina yake, kuma wane dandali yake buɗewa. Matar aure mai neman atamfa a Kano da mahaucin da ke neman shanu a Ibadan ba wuri ɗaya ake samunsu ba, ba kuma da harshe ɗaya ake yi musu magana ba.

Daga nan sai ɗaukar hoto mai kyau, rubuta bayani gajere mai ɗauke da farashi, da amsa saƙo a kan lokaci. Sai kuma lissafi, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. A ce ka biya Facebook naira 5,000 ya nuna tallan takalma, mutum 20 suka yi magana, 2 suka saya. Ke nan kowane ciniki ya ci naira 2,500. In ribar takalmi ɗaya ba ta kai haka ba, asara aka yi, ko da mutum dubu sun yaba hoton.

A ina ake koyo?

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin koyon sana'a da kasuwanci ga ɗaliban digiri. Yawancinmu haddace shi muke yi don cin jarrabawa, alhali a nan ne ake koyar da fitar da farashi da tsara kasuwanci.

A wajen aji ma akwai hanyoyi. Kamfanin Google yana da kwas na kyauta kan tushen tallan intanet, Meta mai Facebook da Instagram kuma yana da darussansa da ya kira Blueprint. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 fasahar zamani. A Kano akwai reshen cibiyar Digital Bridge ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa. Akasarin darussan da Turanci suke, kuma suna cin data, don haka yana da kyau abokai uku ko huɗu su haɗa kuɗi su riƙa kallo tare suna yi wa juna bayani da Hausa.

Gani ya kori ji

Satifiket yana da amfani, amma mai ɗaukar aiki zai tambaye ka: me ka taɓa sayarwa? A nan ɗalibin Wudil ya yi sa'a, domin ɗakin gwajinsa na bakin titi.

Shawararmu ita ce ka zaɓi ɗan kasuwa ɗaya da ka sani, ko tela, ko mai kifi a bakin gada, ko mai sayar da kayan waya. Ka nemi izininsa, ka buɗe masa WhatsApp Business, ka jera kayansa da farashi, ka sa shagon a taswirar Google. Ka riƙe littafi na wata uku: mutum nawa suka tambaya, nawa suka saya, me ya hana sauran. Wannan littafin shi za ka nuna lokacin neman gurbin koyon aiki na SIWES. Ga ɗalibai mata kuwa, akwai iyayenmu masu sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da ɗinki da dambun nama, waɗanda namiji ba zai shiga wurinsu kai tsaye ba.

Inda ake tuntuɓe

Bahaushe ba ya son cinikin biri a sama, kuma yana da hujja: an sha tura kuɗi kaya bai zo ba, an sha nuna wa mai kaya alat na bogi. Saboda haka kada ka ɗora hoton da ba na kayan ba, kada ka saki kaya sai ka duba asusu da kanka, kada kuma ka raba lambobin kwastomomi, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi ƙaramin ɗan kasuwa ma. A yi hattara da masu kwas da ke alkawarin miliyoyi cikin wata guda, musamman waɗanda ke cewa sai ka kawo wasu kafin ka samu.

Iyaye da yawa in sun ga yaro manne da waya, hankalinsu ba ya kwanciya. A nuna musu abin da ake yi da wanda ake yi wa aikin. Kuma kada ciniki ya cinye lokacin karatu, domin digirin shi ya kawo mu. Awa biyu da yamma da safiyar Juma'a sun isa a fara.