Alƙalamin da Ke Rubutu Dama da Hagu

Hirarmu ta kimiyya a yau za ta kai mu Makka, amma ba Harami za mu shiga ba. A teburin mai aikin kwamfuta za mu tsaya.

Hausawa dai ba baƙi ba ne a Makka. Tun zamanin da a ke tafiya a ƙasa, a bi ta Barno da Wadai da Darfur, a ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, waɗansu alhazai ba su komo gida ba, suka zauna a unguwanni irin su Misfala da Jarwal. Garin kuwa yana da jami'a, Ummul Kura, wadda tushenta Kwalejin Shari'a ce ta 1949, ta zama cikakkiyar jami'a a 1981, ana kuwa koyar da ilmin kwamfuta a cikinta. To, a ce wani saurayi Bahaushe ya yi karatu a nan, aka ba shi aikin rubuta manhaja, watau jerin umurnin da kwamfuta ke bi, domin tsare sunayen alhazai. Ba ƙaramin aiki ba ne. A hajjin 2023 mutum fiye da 1,800,000 suka tsaya Arfa, Nijeriya kaɗai kujera 95,000 aka ba ta. Sunan da ke fasfo da boko ya ke, daga hagu zuwa dama. Takardar hukuma da Larabci ta ke, daga dama zuwa hagu. Ga kuma baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa. Kuskuren harafi ɗaya ya isa a nemi dattijo a littafin masauki a rasa shi, alhali ga shi tsaye a bakin ƙofa da jakarsa.

Abin da saurayin nan ya ke rubutu da shi ana ce da shi edita. Ba editan jarida ba ne. Manhaja ce da ke riƙe baƙaƙe tsurarsu, ba ado, ba ƙawa, gama kwamfuta ba ta da bukatar ƙawa. Tsofaffi biyu su ne sanannu. Ɗaya vi, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976 yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili. Wani mutumin Holan, Bram Moolenaar, ya faɗaɗa shi ya fitar da Vim a 1991, ya yi ta renonsa har rasuwarsa a 2023. Na biyu GNU Emacs na Richard Stallman, wanda ya fito a 1985. Akwai kuma na baya-bayan nan, VS Code na kamfanin Microsoft, na 2015, wanda samari suka fi so domin sauƙinsa. Duka ukun kyauta a ke samunsu.

Abu na farko da ya kamata mutum ya koya shi ne kada ya yi aiki ɗaya sau biyu da hannunsa. Vim yana da hali biyu: ko dai yana karɓar rubutu, ko yana karɓar umurni, maɓallin Esc kuwa shi ke mai da shi ga umurni. A nan, in ka taɓa ɗigo, sai ya maimaita gyaran da ka yi na ƙarshe. In gyaran mai tsawo ne, ka taɓa q da wani harafi, a ce a, ka yi gyaranka a layi ɗaya yana lura, ka sāke taɓa q. Daga nan in ka buga 500@a, sai ya yi wannan gyara sau 500 kafin ka kurɓi shayi. Akawun da ya yi aiki da tafireta, ya san wahalar sāke buga shafi guda saboda kuskure ɗaya, shi ne zai fi kowa sanin darajar wannan.

Amma fa gaggawar nan tana da haɗari, ga kuwa misali. Mutane da yawa, in ba su sami ɗ da ƙ ba, su kan rubuta d' da k'. Umurni guda, :%s/d'/ɗ/g, zai juya ko wane d' ya zama ɗ daga farkon fayil har ƙarshensa. D'anladi ya gyaru in ka yi wa babban harafi irin wannan, Had'ejiya ta gyaru. Sai dai in akwai Balaraben da aka rubuta sunansa Ad'ham, to ya zama Aɗham, sunan da mahaifinsa bai raɗa masa ba. Maganin abin harafi ɗaya ne: ka ƙara c a ƙarshen umurnin, sai edita ya riƙa tsayawa a ko wane wuri yana tambayarka. Ni dai a ganina, in sunayen mutane a ke gyarawa, barin wannan c sakaci ne. In kuwa ɓarna ta riga ta auku, harafin u yana warware ta.

To, ina a ke samun baƙaƙen masu lanƙwasa? Tun 1991 akwai wani babban kundi, Unicode, wanda ya ba kusan ko wane harafi na duniya lambarsa. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuma, wadda a ke rubutu da ita a Nijar, 01B4. A Vim, kana cikin rubutu, ka danne Ctrl da v, ka taɓa u, sa'an nan ka buga lambar, harafin ya fito. Ba wanda zai so yin haka kullum, saboda haka sai mutum ya ɗaura ko wane harafi a kan maɓallin da ya ga dama, ya ajiye wannan shiri a ɗan fayil mai suna .vimrc, wanda edita ke karantawa duk sa'ad da aka buɗe shi. Ka tabbata kuma ka ajiye aikinka da tsarin UTF-8, in ba haka ba wanda ka aika wa zai ga alamun tambaya a gurbin ƙ.

Larabci shi ne inda editocin suka rabu. Vim ya sami umurnin :set arabic a 2003, mai juya rubutu ya fara daga dama, ya kuma haɗa baƙaƙe yadda a ke haɗa su. Amma shafin duka ya ke juyawa, har bokon da ke ciki ya koma bai-bai. Emacs kuwa, tun fitowarsa ta 24 a 2012, yana iya jera Larabci da boko a layi ɗaya, kowa ya bi hanyarsa. Wanda aikinsa ya haɗa rubutu biyu a ko wane layi, kamar saurayinmu, ko mai buga ajami, Emacs zan ce ya ɗauka, ko da ya ke maɓallansa suna gajiyar da ɗan yatsa.

Sauran abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni mamaki. Ido yana ruɗuwa. Sa'idu da aka rubuta da miƙaƙƙiyar alama da Sa’idu mai lanƙwasasshiya, a gare mu suna ɗaya ne. A wurin kwamfuta biyu ne, ka nemi ɗaya ba za ta kawo maka ɗayan ba. Haka kaf ta Larabci da kaf ta Farisa. Har akwai baƙaƙen da ba a ganinsu sam, aikinsu kawai su ce wa rubutu ya juya dama ko hagu. A Nuwamba 1 ga wata, 2021, masana biyu na Jami'ar Kambirij, Nicholas Boucher da Ross Anderson, suka nuna cewa mugu zai iya cusa irin waɗannan a cikin manhaja, mai dubawa ya karanta abu ɗaya, kwamfuta ta aikata wani dabam. Bayan wannan VS Code ya soma tona su a fili. Vim da ma yana nuna lambarsu a gurbinsu. In harafi ya ba ka shakka, ka tsaya a kansa ka buga ga, zai gaya maka lambarsa ta ainihi. A Emacs kuwa Ctrl da x, sa'an nan alamar daidai.

Malamin koyon duk wannan yana cikin editan kansa, ba sai an sayi littafi ba. Wanda ya buga vimtutor zai sami darasi na kamar rabin sa'a, inda zai riƙa gyara rubutu da hannunsa yana tafe. Umurnin :help arabic.txt yana buɗe babin Larabci. A Emacs, Ctrl da h, sa'an nan t, su ke kawo darasin farko. Mai koyo ya kwafi wani fayil da ba ya tsoron ɓatawa, ya gwada umurni biyu ko uku a mako, kada ya wuce haka sai sun zauna a yatsunsa.

Iyakar hirarmu ke nan ta yau. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu.