Manzon da Ke Sayar da Alheri a Kwalba

Da zarar an ɗaure gero an tsige gyaɗa a gonakin Minjibir da Kunya da ƙauyukan bakin madatsar Wasai, ba 'yan kasuwar hatsi kaɗai ke jin ƙanshin kuɗi ba. Tsirarun iyalan Kirista da ke zaune a wannan yanki da kewayensa su ma suna da nasu baƙin. Wani yakan zo da kansa daga birni, wani kuma sai dai muryarsa ta WhatsApp, amma laƙabinsu ɗaya ne: manzo. Hajar ma ɗaya ce, 'yar kwalbar man zaitun da aka ce an yi wa addu'a, da ambulan ɗin “shuka iri”. Sai a ga gwauruwa ta ja tunkiyarta ɗaya tilo zuwa kasuwa, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta kai, ta dawo tana shafa wa ɗanta mai zazzaɓi mai a goshi. In wani ya buɗe baki, sai a ce masa, “Kul! Ba a ja da manzo.”

Wannan magana ta ishi duk wanda ya taɓa buɗe wasiƙun Bulus ya karanta da idonsa.

Kalmomin da ke cikin wasiƙun ba su da wuya. A Helenanci, wanda ake kira manzo shi ne wanda aka aika, kamar dai manzon sarki da ke kai saƙon da ba nasa ba. Alheri a koyarwar Kirista kyauta ce daga Allah wadda mutum bai cancanta ba. Salama kuwa 'yar'uwar gaisuwar Ibraniyawa ce, kuma kunnen Bahaushe ya saba da ita. Da alheri da salama Bulus ke buɗe wasiƙunsa. Haka suke a cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, aikin da Dakta Walter Miller ya daɗe a kansa.

To, a dubi Bulus ɗin kansa. Ya zauna a Koranti shekara ɗaya da rabi, wajen shekara ta 51 miladiyya, zamanin gwamna Galiyo. Me yake ci? Gumin kansa. Ɗinkin tanti yake yi a gidan Akila da matarsa. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa ya yarda cewa mai wa'azi yana da haƙƙin jama'a su ciyar da shi, amma shi ya ƙi karɓa a wurinsu don kada a ce bishara ta kuɗi ce. A wasiƙa ta biyu ransa ya ɓaci sosai da wasu baƙi masu tinƙaho da manzanci, ya kira su manzannin ƙarya, ya kuma yi wa jama'ar faɗa saboda suna barin irin waɗannan su cinye musu dukiya. Da ya tashi kafa hujjar nasa manzancin, bulala ya lissafa da kurkuku da yunwa da hatsarin jirgin ruwa.

Batun ba a ja da manzo fa? A Antakiya, Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a. Mutanen Biriya kuwa yabonsu aka yi saboda suna komawa Nassi su gwada abin da Bulus ya gaya musu. Shi kuma Siman na Samariya, da ya fito da kuɗi zai sayi baiwar Allah, Bitrus bai ƙirga ba, tsawa ya daka masa. Har wani tsohon littafin koyarwa na Kiristocin farko, Didake, ya kafa ma'auni mai sauƙi: baƙon manzo da ya zarce kwana biyu, ko ya roƙi kuɗi, na bogi ne. Da wannan ma'auni za a auna na yau, da yawa ba za su kai la'asar ba.

Akwai kuma kalmar tsarkaka, wadda masu kwalba ke so a ɗauka tasu ce su kaɗai. Su wa Bulus ya kira haka? Dukan jama'ar Koranti, masu rabuwa ƙungiya-ƙungiya tsakanin Bulus da Afolos da Kefas (wato Bitrus), masu kai junansu kotu, har da masu buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Ma'anar ita ce an keɓe su domin Allah, sai su gyara halinsu ya dace da kiran. Ikkilisiyar Katolika tana da nata tsarin na tabbatar da tsarkaka bayan mutuwa da dogon bincike, kamar yadda Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana Fada Tansi mai albarka a 1998. Ko a nan ma, ba mutum ke naɗa kansa ba. Gwauruwar nan mai tunkiya tana cikin waɗanda kalmar ta shafa, daidai da mai ɗauke da makirufo.

Talauci da tsadar magani suna da nasu hannu a wannan cinikin kwalba, ba a musu.

Amma da ɗan gari akan ci gari, don haka gyaran daga gida zai fara. In baƙo ya zo da laƙabi, dattawan ikkilisiya su tambaye shi wa ya aiko shi, wace ikkilisiya ce, ina takardarsa, sannan su buga waya su tabbatar. Kada a ba shi bagade ranar da ya sauka. Duk addu'ar da aka yanka wa farashi, a tashi a bar wurin. Baiko a ƙirga shi a gaban mutum biyu ko uku, a rubuta, a karanta wa jama'a. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima sai da ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi masu rakiyar kuɗin don kada a zarge shi. Kada kowa ya tura kuɗi asusun mutumin da muryarsa kawai ya sani. Mata a zumuntarsu su riƙa tambayar juna kafin a sayar da dabba ko buhun gero. Matasa masu karatu su zauna da iyayensu da yamma su karanta musu wasiƙar Bulus daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, maimakon aya ɗaya da aka tsinto. Yaro mai zazzaɓi kuwa a yi masa addu'a a hanya, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne.