Tun Daga Fangalin Reno

Wanda ya sauka fadamar Rima tsakanin Birnin Kebbi da Argungu a farkon noman rani zai tarar da fili shimfiɗe, mafi yawansa ƙasa ce tsirara da ba a gama gyarawa ba. Amma a wata kusurwa, kusa da inda injin ban-ruwa yake, zai ga 'yan fangaloli kore shar, an kewaye su da kara ko ƙaya. Nan ake renon irin shinkafa. Wurin bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na gonar da za a dasa ba, amma a nan hankalin manomi yake kwana. Ya jiƙa irin, ya kwashe wanda ya taso saman ruwa ya zubar, ya rufe sauran a buhu har ya fara tsiro, sannan ya yafa a ƙasar da ya niƙe da fartanya ya cakuɗa da takin gida. Safe da yamma yana ban-ruwa. Yana korar tsuntsu, yana tare akuya. Idan hunturu ya matsa, ganyen ya fara rawaya, ba ya samun barci.

Tambayi kowane manomi dalilin wannan ɗawainiya a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba, zai ba ka amsa ba tare da dogon tunani ba. Irin da ya sha ƙishirwa a fangali, ko ya cunkushe ya siraɗe, ko aka bar shi ya tsufa bayan ya wuce mako uku da ake cire shi, ba ya 'ya'ya da yawa idan an dasa. Ka zuba masa buhunan taki, zai yi kore, zai yi tsawo, amma ranar casa za ka ga bambanci a yawan buhu. Wannan ilimi ne da ya zauna daram a Gwadangaji da Ambursa da Gulma, babu wanda yake gardama a kansa.

Abin da ke damuna shi ne mun san wannan game da shinkafa, amma muna tafiya kamar ba mu san shi game da 'ya'yanmu ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗaɗɗiyar rashin cin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. A wannan bincike babu jihar da ta kai mu, alhali matsakaicin ƙasa a lokacin kashi 37 ne. A binciken nan dai, sama da rabin yaran da aka gwada a Kebbi an same su da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, nan ma mu ne a gaba, shi ya sa da aka fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Disambar 2024 aka soma da Kebbi da Bayelsa. Tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba. Ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi yawan girmanta ne kafin ya cika shekara biyar, kuma mafi saurin wannan girma yana cikin kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. Abin da jiki ya rasa a wannan lokaci, ƙwaƙwalwa ma ta rasa shi. Jihar da ta yi suna da noman shinkafa ce take da waɗannan alƙaluma, kuma wannan abin a zauna a yi tunani ne.

Ba wai ba mu iya haɗa kai a kan abu ba ne. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwambar 2015. A 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi. Cikin 'yan shekaru, mutumin da ya gaji watsa iri daga kakansa ya koyi reno da dashe a layi, ya san sunan FARO 44, ya san ranar da ake zuba takin farko da na biyu. Malamin gona ya shiga ƙauye, rediyo ya yi magana, maƙwabci ya ga gonar maƙwabci ya kwaikwaya. Irin wannan yunƙuri ne renon yara bai taɓa samu ba.

Fangalin renon yaro, tun kafin a yi maganar aji da allo, shi ne tsakar gida. Ruwan da ake ba shi kuwa, bayan nono da kunu mai ƙuli ko waken suya, magana ce. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa. Ya nuna kaza, a ce masa kaza ce, a kwaikwayi kukanta. Ya jefar da ludayi, a miƙo masa, ya sake jefarwa. Da wannan ba-ni-in-ba-ka ƙwaƙwalwa take ƙulla hanyoyinta. Amma a gidajenmu da yawa za ka ji ana cewa, “Me ya sani? Bar shi ya yi wayo tukuna.” Uwa tana kan turara shinkafar sayarwa tun asuba, jaririn yana bayan yayarsa 'yar shekara bakwai, wadda ita kanta reno take buƙata. Uba yana dawowa daga fadama a gajiye, kuma ya taso ya tarar wasa da jariri ba aikin magidanci ba ne. Idan ɗan fari ne, ga kunya ta shiga tsakani. Da can kaka ce take cike wannan giɓi da tatsuniya da kacici-kacici da waƙar reno. Yau a gidaje da yawa waya ce ake miƙa wa yaro ya yi shiru, ita kuwa waya ba ta amsa gwaranci.

Akwai wani gwaji da aka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1986 da 1987 wanda ya kamata kowane jami'in lafiya da na ilimi a Kebbi ya sani. An ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24, 'ya'yan talakawa. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta zauna awa guda da uwar, ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta da yadda za ta riƙa yi masa magana, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi musu ita ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba a gina bene ba, ba a sayo kwamfuta ba. Mace ce ta shiga gidan mace.

Wannan tsari kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da dattijan mata masu hankali da ake kira jaji, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Yau muna da ungozomomi, da malaman Islamiyyar matan aure, da matan da ke bin gida-gida lokacin ɗigon shan-inna. Ranar awo ma uwa tana zaune a layi awa biyu da ɗanta a cinya. Da za a ba waɗannan mata horo na gaske da ɗan alawus da ke zuwa a kan lokaci, da an riga an haƙa rabin rijiyar.

Sai batun rabin aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin firamare, malami ɗaya ga yara 25, a harshen da yaro ya tashi da shi. A takarda abin ya yi kyau. A makarantun gwamnati da yawa kuwa, rabin aji shi ne ɗakin da ya fi lalacewa, ko inuwar bishiya, kuma malamin da aka rasa inda za a sa shi ake turawa. Manomi ba ya ba yaron da bai san komai ba tsaron fangali. Shi da kansa yake tsayawa. A makarantun kuɗi na cikin gari matsalar ta juya: ɗan shekara uku da jaka a baya, ana tilasta masa rubuta harufan Turanci, ana ba shi aikin gida, iyaye suna murna ya haddace abin da bai fahimta ba. Duk wanda ya taɓa cika wa ɗanyen iri takin zamani ya ga yadda yake ƙonewa. Yaro a wannan shekaru da yashi da ruwa da waƙa da tsere yake koyo, yana ƙirga 'ya'yan goruba kafin ya rubuta lamba. A ƙauye kuma sai ka ga yaro bai taka makaranta ba sai yana da shekara takwas ko tara, a zaunar da shi cikin ƙannensa, kunya ta kore shi kafin aji uku.

Makarantar allo ita ce ajin share fagen da mafi yawan yaranmu suke da shi, kuma duk shirin da ya kauce mata bai san ƙasar ba. A nan yaro yake koyon zama cikin tsara, da sauraro, da bin babbaƙu da yatsa. Abin da ake roƙo bai da yawa: a sassauta bulala ga ƙanana, a samu ruwan sha da wurin wanke hannu, kuma kada a ɗauki ɗan shekara biyar a kai shi wani gari nesa da uwarsa.

Akwai inda kwatancen ya tsaya. Irin da ya raunana, manomi cire shi yake ya yar. Yaro ba haka ba ne. Wanda ya rasa reno mai kyau yana iya farfaɗowa idan ya samu abinci da malami mai haƙuri, sai dai aikin ya fi wuya, ya fi tsada, kuma ba duka ake cimma ba.

A taron da hukumar UNESCO ta kira a Tashkent a Nuwambar 2022, ƙasashen duniya sun amince su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin kafin firamare, gwargwadon dai filin da manomi yake ware wa reno. A sakatariyar Gwadangaji ake tsara kasafin jihar nan, gwamna Nasir Idris kuma malami ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka zancen ba ya buƙatar tafinta. Ina so in ga rabin aji yana da nasa layi a kasafi, wanda kowa zai iya karantawa ya bi sawunsa. Ina so Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta riƙa yaye malaman ƙananan yara da yawa, musamman mata 'yan garuruwan da za su koyar, a ɗauke su aiki a bar su a wannan aji, kada a janye su zuwa aji shida da zarar an ga sun ƙware.